Filin Tambayi Malama: "Wai karatun da na yi tun ina yarinya duk kuskure ne?"

Assalamu alaikum. Wasiƙun wannan wata kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato ajin Larabci da tajwidi na mata. Na zaɓi biyar. Ta farko ce ta fi tsaya mini a rai, don haka a kanta zan fi daɗewa, sauran ku yi mini haƙuri da abin da ya samu. Kamar kullum, na cire sunaye.

Malama, shekarata 54. Na sauke Alƙur'ani a makarantar allo tun kafin a yi mini aure. Bana, da na ga yara sun girma, sai na shiga ajin tajwidi na matan aure. Ranar farko malamar, wadda ba ta kai 'yata ta fari ba, ta ce in karanta Fatiha. Ina cewa "Maliki yaumid dini" ta tsayar da ni, ta ce "Maaliki" ake cewa, da ja. Da na kai "walal lallina" sai na ji ana ƙunshe dariya a bayana. Tun ranar ban koma ba. Abin da ke hana ni barci shi ne sallar da na yi ta shekara arba'in da wannan Fatihar. Ramawa zan yi?

Hajiya, ki kwanta ki yi barcinki, babu sallar da za ki rama. Kin karanta abin da aka biya miki, iyakar iyawarki, ba da ganganci ba, kuma ayar ƙarshe ta Baƙara da kika haddace tun kina yarinya ta ce Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Wannan ke nan.

Amma abu biyu aka tsayar da ke a kansu a ranar, kuma ba jirgi ɗaya ya ɗauko su ba.

"Maliki" ba kuskure ba ne ko kaɗan. Ke da ruwayar Warshu kika yi karatu, ita kuma malamarki da ruwayar Hafsu; ruwaya ita ce hanyar karatun Alƙur'ani da wani malami ya ɗauko daga bakin malaminsa. Warshu mutumin Masar ne, ya rasu a shekara ta 197 bayan hijira, kuma ya ɗauki karatu daga bakin Nafi'u, limamin makarantan Madina, wanda Imamu Malik ma ya yi karatun Alƙur'ani a wurinsa. Hafsu kuwa, wanda ya rasu a 180, ya ɗauka daga Asimu na Kufa. Dukansu silsilarsu tana tuƙewa ga Manzon Allah (SAW), kuma dukansu Alƙur'ani ne da ake salla da shi. Nafi'u ya karanta "Maliki", wato Sarkin ranar sakamako, Asimu ya karanta "Maaliki", wato Mamallakinta. Haka za ki ji ke kina cewa "yuuminuna" su suna cewa "yu'uminuna" da hamza, ke kina haɗe "ƙadaflaha" su suna rabawa "ƙad aflaha". Karatun Warshu ne ya bi ta Arewacin Afirka ya tsallako Sahara, shi ne kakanni suka rubuta a allo. Na Hafsu ya cika duniya daga baya, musamman bayan bugun Alƙahira na 1924, sannan maɗaba'ar Sarki Fahad da aka buɗe a Madina a 1984 ta riƙa buga kwafi ana raba wa alhazai, ga rediyo, ga kaset. Yarinyar da ta taso a wannan zamani tana iya gama Islamiyya ba ta taɓa jin an karanta Warshu da tajwidinsa ba.

Ba na jifan malamarki da dutse, don ni ma na taɓa yin abin da ta yi. Shekarata ta farko da fara karantarwa, wata dattijuwa ta zo ajina, na miƙa mata mus'hafin bugun Madina na ce ta karanta. Ta zo kan "fihi" ta ce "ƙihi". Na gyara. Ta sake zuwa kan wani fa ta sake karanta shi ƙaf. Na ce a raina wannan baiwar Allah ko babbaƙu ba ta gama ba. Mako na zagayowa sai ga ta da nata Alƙur'anin a cikin gafaka, warƙa-warƙa, gefen takardun duk ya yi duhu saboda hannu. Ta zaro ɗaya ta ɗora a cinyata, ta sa yatsa ta ce, "Yarinya, duba nan." A nata rubutun fa ɗigonsa ɗaya ne a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. A nawa kuwa ɗigo ɗaya a sama fa ne, ƙaf biyu gare shi. Ashe daidai take karantawa bisa ƙa'idar da ta sani, ni ce ban san rubutun Magaribi ba. Matar nan tana da izu sittin a ka. Har yau idan na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Tun daga ranar, duk wadda ta shigo ajina tambayar farko ita ce, da wace ruwaya kika yi karatu?

Na biyun kuwa, "walal lallina", nan malamarki tana da gaskiya. Babu ruwayar da ta mayar da harafin dadi (ض) lam. Wannan aikin harshenmu ne, kuma ya daɗe. Duba kalmomin da muka aro: alwala daga "alwudu'u" take, farilla daga "farida", haila daga "haid", alƙali daga "alƙadi", la'ifi daga "da'if". Duk inda dadi yake Bahaushe ya sa lam, don ita ce mafi kusa da shi a bakinsa, tunda dukansu daga gefen harshe suke fita. A hira babu laifi, ba wanda zai ce ki daina cewa alwala. A karatu ne ake so a mayar da harafin mazauninsa.

Ga yadda nake koya wa ɗalibaina. Kada ki yi amfani da tsinin harshe. Gefen harshen za ki kai, ki manna shi da turamen sama, wato haƙoran tauna. Yawancin mutane ɓangaren hagu ya fi yi musu sauƙi. Ki ɗaga bayan harshen ya cika baki, ki bar sautin ya ɗan gudana a gefen kafin ki saki. Idan kika ji dal ce ta fito, to tsinin harshe ya yi miki shigar sauri. Idan lam ce ta fito, mannewar ba ta yi ƙarfi ba. Bayan harafin kuma akwai ja mai tsawon wasali shida kafin ki faɗa kan lam mai shadda. Ni kaina sai da na haura talatin na daidaita wannan harafi, kuma na yi makonni malamata tana mayar da ni kan kalma ɗaya tak.

Tunda an taɓo, ga 'yan'uwansa da za ki tarar a gaba. "Allazina" ba zayin ba ne, zal ne (ذ), ana ɗan fito da tsinin harshe ya taɓa bakin haƙoran gaba na sama. Haka sa mai ɗigo uku (ث), wanda muka mayar sin a Usman da hadisi. Mata da yawa sun san wannan amma suna jin nauyin fito da harshe a gaban mutane, shi ya sa nake cewa kowa ta zo da ƙaramin madubi. Akwai ɗa mai hannu (ط) a "siraɗa", wanda ba ɗ ɗinmu ta "ɗaki" ba ce, ta ce mai kauri. Akwai ha biyu da muke haɗewa, ta tsakiyar maƙogwaro a "alhamdu" da ta can ƙasa a "ihdina". Idan kika ƙirga za ki ga haruffan da ke neman gyara a Fatiharki ba su kai goma ba. Sauran duk kina da su, har da abin da yaran da suka yi miki dariya ba su da shi, wato sauka.

Ki koma aji. Ki sami malamar ku biyu, ki gaya mata Warshu kika yi. Idan ta iya shi, ta gyara miki a cikinsa. Idan ba ta iya ba, zaɓi ya rage gare ki, ko ki nemi wadda ta iya, ko ki koyi Hafsu a matsayin ƙari. Abin da ba na so shi ne ki cakuɗa su, aya ɗaya nan aya ɗaya can. Ke kuma malama, idan kina karanta wannan shafi, ba a tsayar da babba a gaban aji ranar farko. A ja ta gefe.

Malama, ni ma'aikaciya ce, lokacin aji ɗaya kawai nake da shi a mako. Akwai na tajwidi, akwai na Larabci. Na haddace Tuhfa tun ina sakandare, na san izhari da idgami da iƙlabi da ihfa'i. Amma idan liman yana karatu ba na fahimtar komai. Wanne zan shiga?

'Yar'uwa, haddace Tuhfa, wato ɗan littafin waƙen ƙa'idojin tajwidi, daban, iya karatu daban. Baiti 61 ne, yarinya mai kaifin kai tana haddace su a wata biyu, ta lissafo miki haruffan ihfa'i goma sha biyar, waɗanda ake ɓoye nun a gabansu, ba gargada, amma ta zo karanta "min sharri" ta bayyana nun ɗin ƙarara. Don haka kafin ki yanke hukunci ki je wurin wadda ta ƙware, ki karanta mata Fatiha da shafi ɗaya daga inda ta buɗe miki. Abin da za ta saurara shi ne kuskuren fili, irin wanda ke canja harafi ko wasali. Wadda ta ce "an'amtu" maimakon "an'amta" ta mayar da ni'imar daga Allah zuwa kanta. Wadda ta ce "kul" a wurin "ƙul" ta ce "ci" a inda aka ce "faɗi". Idan akwai irin wannan a bakinki, tajwidi za ki shiga, babu ja. Idan kuwa abin da ya rage ƙanana ne, gunna, wato sautin hanci, ta ɗan gaza ko ja ya ɗan wuce, to ki tafi ajin Larabci da zuciya ɗaya.

Kuma kada Larabcin ya ba ki tsoro. Mai jin Hausa ta shigo da jari a hannu, ba ta sani ba. Mu muna bambanta namiji da mace a magana kamar yadda Larabawa ke yi. Littafinka "kitabuka" ne, littafinki "kitabuki". Ka ɗin nan da ki ɗin nan su ne dai. "Yaktubu" yana rubutawa, "taktubu" tana rubutawa, ya da ta. Muna sa ma a gaban kalma mu sami wuri ko kayan aiki, masallaci, makaranta, mabuɗi. Su ma haka, "masjid", "madrasa", sai dai a kayan aiki mi suke sawa, "miftah". Ranar da na fara nuna wa ajina wannan a allo wata ta ce, "Au, ashe 'yan gida ne."

Abin da zai buɗe miki Alƙur'ani shi ne gane cewa yawancin kalmomin Larabci daga saiwa mai baƙi uku suke tsirowa. Ɗauki ain, lam, mim. Daga nan ilimi ya fito, da malami, da alama, da "alim" da "ya'alamuna" da "allama" da kike ji a salla. Ɗauki ra, ha, mim, ki sami rahama, da Arrahman, da Arrahim, da "arham" wato mahaifa. Ki sami littafin rubutu, kowane shafi saiwa ɗaya, duk kalmar da kika tsinta a tilawa ki kai ta gidansu.

Sai dai jarin nan yana da tarko. Wasu kalmomin da muka aro sun ƙuntata a bakinmu. Mu in an ce ajali mutuwa muke nufi, alhali a Larabci wa'adi ne kowane iri, shi ya sa ayar bashi ta cikin Baƙara ta ce "ila ajalin musamma", zuwa wa'adi ambatacce, ba zuwa mutuwar mai bashi ba. In an ce fasiƙi tunaninmu mai neman mata ne, alhali a Alƙur'ani duk wanda ya fita daga ɗa'ar Allah ne. Ki riƙa tambaya ko da kin ga kamar kin san kalmar.

Shawara ta ƙarshe, ki leƙa ajin kafin ki yi rajista. Idan kin tarar haddar Ajurruma, littafin nahawu na masu farawa, kawai ake yi, ana rera "alkalamu huwal lafzu" ba a taɓa ɗauko aya an warware ta ba, za ki shekara biyu kina i'irabin Zaidu da Amru liman yana ci gaba da wuce ki. Nahawu dole ne, amma ke abin da ya kawo ki shi ne ki ji abin da ake karantawa. Nemi ajin da za a ɗauki gajerun surori a bi su kalma-kalma.

Malama, a ajinmu duk wadda take fashin salla ba ta karatu, zama kawai take yi a baya. Ni kwana takwas nake yi, kowane wata sai an wuce ni, haddata kuma tana zubewa. Babu sauƙi?

Akwai. Malamai sun saɓa a kan wannan. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya, a mashahurin zancensu, sun hana mai haila karatun Alƙur'ani, kuma da alama wannan malamarku take bi. Malikiyya kuwa sun halatta mata ta karanta da ka muddin jinin yana zuba, dalilinsu kuma shi ne abin da kika faɗa da bakinki, kwanakin suna da yawa, suna dawowa kowane wata, ana tsoron mantuwa, kuma ba abu ne da za ta iya kawarwa da wanka a lokacin da ta so ba kamar janaba. Sun ƙara da rangwame ga malama da ɗaliba su taɓa allo ko abin da ake karatu a ciki saboda koyo da koyarwa, kuma wannan yana cikin Muhtasar na Halil, sanannen littafin fiƙihun Malikiyya. Idan jinin ya ɗauke, sai ki yi wanka kafin ki ci gaba.

Kada ki je aji da wannan shafin kina kaɗa wa malama a fuska. Ki tambaye ta cikin ladabi ko za ta bar masu bin wannan fatawa su riƙa ba da hadda. In ta ƙi, ajinta ne, ki yi muraja'arki a gida. Kuma na ji daɗi da kika yi tambayar ba ki ɓoye ba. Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini.

Malama, ina da goyo da wasu biyu ƙanana, fita aji ba ta yiwuwa yanzu. Zan iya koyon tajwidi ta waya?

Rabinsa. Waya tana karanta miki, amma ba ta jin ki. Kunnenki kuma zai riƙa gaya miki kin yi daidai, domin abin da kika yi niyyar faɗa yake ji, ba abin da ya fito ba. Shi ya sa tun farko Alƙur'ani daga baki zuwa baki ake ɗaukarsa.

Ki saurari makaranci ɗaya, kada ki riƙa tsalle. Ni Shaihu Mahmud Halil Alhusari nake ba masu koyo, mutumin Masar da ya naɗi Alƙur'ani cikakke a 1961, saboda ba ya gaggawa kuma ba ya bari waƙar murya ta cinye harafi. Yana da na Hafsu, yana da na Warshu. Aya uku a rana sun isa. Ki ji, ki maimaita, ki naɗi muryarki, ki saurari kanki. Za ki sha mamaki. Sannan ki nemi malama ko wata ɗaliba da ta yi nisa, ki riƙa tura mata saƙon murya ta WhatsApp sau biyu a mako tana mayar miki da gyara. Ina da ɗalibai irin haka, wani lokaci ina jin kukan jariri a bayan Suratul A'ala, ba ya hana ni jin inda ƙalƙala, wato ɗan amon da ake yi wa wasu haruffa masu sukun, ta faɗi.

Wannan ba sabon abu ba ne, kai karatu inda mace take. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta horar da jajis suna zuwa wurinta su ɗauki karatu su kai wa matan da ba za su iya barin gidajensu ba.

Idan yaran suka tasa kika tashi zaɓar aji, ki ƙirga kawuna. Ajin da mata sittin ke amsa wa malama baki ɗaya, a tashi ba a saurari kowa ita kaɗai ba, kuskurenki zai ɓuya a cikin amon jama'a har ki sauke. Ki tambaya ko kowace ɗaliba tana karantawa ita kaɗai, ki kuma tambayi malamar a wurin wa ta yi nata karatun. Malamar kirki ba ta jin haushin wannan tambaya.

Malama, jikata ce ke rubuta mini. Na haura saba'in, haƙorana na gaba na sama sun zube. An ce akwai haruffan da sai da su suke fita. In haƙura da ajin?

A'a, Mama, kada ki haƙura. Haruffa uku ne ake fito da harshe a kansu, sa mai ɗigo uku, da zal, da za mai hannu (ظ), sai fa da ke neman haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Ki kai harshen daidai inda haƙoran suke a da, ya taɓa dasashi, ki bar iska ta wuce a hankali. Fa kuma ki ɗora dasashin a cikin leɓen ƙasa. Ba zai fito tas kamar na jikarki ba, kuma ba a nemi hakan daga gare ki ba. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim, daga Nana A'isha, cewa mai karanta Alƙur'ani yana in'ina yana shan wuya lada biyu gare shi.

Ki zauna a sahun gaba kusa da malama don ki riƙa ganin bakinta, ki kuma roƙe ta ta saurare ki da farko kafin aji ya cika da hayaniya. Ke kuma jika mai rubutu, ki nemo wa Mama mus'hafi mai manyan baƙaƙe, irin wanda ake rabawa juzu'i-juzu'i don kada ya yi mata nauyi a hannu, kuma ki duba ruwayar da aka rubuta a bangon kafin ki karɓa.